Reshen Sata

Garikai ya durƙusa a tsakar gida yana tona aman kare da tsinke, uwarsa kuwa tana tsaye a ƙofar kicin da muciya a hannu, sadza, tuwon masararsu, na ƙonewa a bayanta ba ta ko ji ƙaurin ba. Baƙin karen, wanda ya raɗa wa suna Ku-yi-ta-faɗa don ya ƙular da mutanen layi, ya riga ya sandare a gindin famfo, haƙora a waje. Jan kuma, Ba-ruwanku, yana ta buga kai da ƙasa, kumfa na zuba daga bakinsa, ƙafafunsa na gudu alhali yana kwance. Can ya yi wata doguwar miƙa, ya saki fitsari, shi ke nan.

Garikai ya tsinto wasu 'yan ƙwayoyi masu ruwan ƙasa daga cikin aman, ya goge su a wando, ya miƙo mata tafin hannunsa.

"Mama, kin san 'ya'yan mene ne wannan?"

Ta sani sarai. A bayan ɗakinta, a lungun da ke tsakanin ban-ɗaki da katanga, inda ba mai shiga sai ita da kaji, akwai wani ɗan itace da tsawonsa ya kai ƙugu. Jiya da yamma ta ga karnukan nan biyu a ƙarƙashinsa suna taunar 'ya'yan da suka zubo, har ta yi dariya ta ce yunwa ta mai da kare akuya. Ta dubi ƙwayoyin, ta dubi jijiyar da ke harbawa a wuyan ɗanta, sai ta ce ba ta sani ba.

"Ni na sani," in ji shi. Ya shiga ɗaki ya fito da adda.

Kada a yi saurin zagin Maman Garikai. Duk unguwar Sakubva an san ɗanta. Shekara shida ke nan yana haƙar zinariya a ramukan Penhalonga, inda adda ke raba gardama, yana dawowa gida sau ɗaya a mako biyu da jar ƙasa a gashi da jan ido. Tun da ubansa ya rasu ba wanda ya isa ya ce masa bari. Wuyan hannunta na hagu, wanda ya murɗe mata bara waccan don ta ɓoye masa kwalba, har yau shi ke fara gaya mata za a yi ruwa. Karnukan nan kuwa su ke tsaron bakin raminsa in yana ƙasa, su suka taɓa hana wasu rufe shi da rai. Nama yake kawo musu, ita tana cin ganyen kabewa. Da za a ce ya zaɓa tsakaninta da su, ita kanta ba za ta so jin amsar ba.

Ya fita, ta bi shi da muciyar har yanzu a hannu.

Gidan da ke manne da nasu na Sekuru Bwanali ne, tsohon da ya zo daga Malawi yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya ƙare ƙuruciyarsa a lambunan Turawa na can saman gari, ya binne matarsa, Allah bai ba shi haihuwa ba. Shekara hamsin yana layin, amma har gobe in an tashi kwatance sai a ce gidan Ɗan Nyasa, wato mutumin Malawi. Tsakar gidansa ba ta fi shimfiɗar tabarma shida ba, amma babu masakar tsinke don tsirrai. Abin da ake tsayawa kallo shi ne itacen bakin ƙofa, wanda yake kira jiya-da-yau-da-gobe. Ranar da furensa ya buɗe sai ka ce an tsoma shi a shuni, washegari ya koɗe, rana ta uku ya zama fari fat, har ka ga launi uku a reshe ɗaya. Yara na cewa tsohon ne ke rina su in ba kowa. Cikin manya ma akwai masu faɗin haka, su kuwa ba da wasa ba.

Daga jikin itacen nan Maman Garikai ta samo nata. Matan layin duk sun yarda cewa reshen da aka roƙa ba ya kamawa, sai na sata, kuma in an ba ka ka yi godiya to ka kashe shi da bakinka. Shekara uku da suka wuce ta fito shara da sassafe ta ga wani reshe yankakke a kan shinge, ta waiga hagu ta waiga dama, ta cusa shi cikin zani. Ita da ke sa jar rigar ƙungiyar mata duk Alhamis tana yi wa amare nasiha a coci, ina za ta kai kunyar a ce ta yi sata? Shi ya sa ta dasa shi a lungu. Ya kama, ya yi fure sau biyu, bana ya yi 'ya'ya jingim, ba wanda ya san da shi.

Garikai ya shure ƙyauren kwano ya faɗa ciki. Tsohon na tsugune da almakashi da farar hularsa, ga wani gwangwanin madara a gefensa. Ya ɗago kai ya gaishe su, ya tambaya ko lafiya. Garikai ya tsaya a kansa.

"Wa ya tsaya a shingen nan watan jiya ya ce in ɗaure karnukana, 'ya'yan itacen nan na kashe kare? Ba kai ba ne?"

Sekuru ya ce shi ne, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce shi ya sa kowace safiya yake bin rassan yana tsinke 'ya'yan tun suna ɗanyu, ya tara ya ƙone, ba ya barin ko ɗaya ta taɓa ƙasa, haka aka koya masa tun yana yaro a gidan aiki. Ya ɗaga gwangwanin don ya wanke kansa. Da ya sani da bai ɗaga ba. Garikai ya fizge shi ya zazzage a hannu, ya juya ya nuna wa mutanen da suka fara taruwa a bayan shinge.

"Kun gani? Tara su yake yi. Na jiya na karnukana ne. Na yau na 'ya'yan wa ne a cikinku?"

Da bayan addar ya fara. Ya sauke ta a kafaɗar tsohon, aka ji ƙarar kamar an karya kara. Sekuru ya faɗi a kan tukwanen furanninsa, ɗaya ta fashe a ƙarƙashinsa. Garikai ya bi shi da takalmin rami, mai ƙarfe a baki, a haƙarƙari, a ciki, a haƙarƙari kuma. Tsohon bai yi ihu ba, iska kawai ke fita daga bakinsa duk bugu. Hular ta gangara ta tsaya a kwata. Sai Garikai ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya matse masa kumatu har bakin ya buɗe, ya ɗura masa ƙwayoyin nan, ya toshe da tafin hannu yana cewa ya haɗiye, ya ji abin da suka ji. Jini da yawu suka riƙa fitowa ta tsakanin yatsunsa.

A lokacin ne idon tsohon ya samo Maman Garikai. Kallo ɗaya ne, ba roƙo a cikinsa ba tuhuma, amma ta ji shi har tafin ƙafarta. Kalma biyar kacal ake bukata: na bayan ɗakina suka ci. Ta buɗe baki, ta ga addar a ƙasa kusa da hannun ɗanta, wuyan hannunta ya ɗauki zafi. Abin da ya fito shi ne, "Garikai, ya isa haka, za ka ja wa kanka." Ko ita ta ji yadda maganar ta faɗi ƙasa banza.

Da ya gaji da mutum sai ya koma kan itace. Ya sassare jiya-da-yau-da-gobe har gindi, ya bi sauran shukokin da sara da taku, bai bar ko tushen albasa a tsaye ba. Sannan ya goge addar a rigar tsohon, ya ce duk wanda ya ga ya shiga gidan mayen nan ta ƙofa, shi da shi ne. Ya tafi binne karnukansa.

Mutane suka tsaya cirko-cirko na ɗan lokaci, sannan kowa ya tuna da aikin da ya baro. Maman Ruvimbo mai tumatir, wadda bakinta ya fi barkonon teburinta zafi, ita ta rage. Ta ce dukan ya yi yawa, wannan gaskiya ne, amma dai mutumin da ke tara guba a gwangwanin madara ba za a ce ba shi da abin tambaya ba. Ta ce jikokinta ba su da aiki sai satar gwaiba a gidan nan, Allah ne kawai ya kare. Ta ja zaninta ta yi gaba.

Maman Garikai ta zagaya ta baya, ta raba shingen inda ya ruɓe, ta shiga. Ta sa yatsa ta ƙwaƙulo ƙwayoyin daga bakinsa, ta ja shi a kan buhu har ɗaki, don ba ta iya ɗaga shi. Ta ce za ta nemo mota a kai shi asibiti. Ya girgiza kai. Kowa ya san wanda aka doka sai ya bi ta wajen 'yan sanda tukuna, su kuwa tambayarsu ta farko ita ce wa ya yi. Ya ce shi baƙo ne, ba ya son ya mutu da shari'a a wuyansa, ta ba shi ruwa kawai. Ta ba shi, ya dawo da shi ja.

Ranar nan ba ta gaya masa gaskiyar ba. Ta wanke masa fuska, ta ɗaure kafaɗar da ɗankwali, ta koma gida ta sake tuƙa wa ɗanta sadza, ta ajiye masa da ganye da ɗan kifi, ta tsaya har ya wanke hannu. Ta tsani kanta ranar, tsana irin wadda ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Garikai bai koma rami ba. Ya fito da benci bakin titi, daidai inda zai riƙa ganin ƙofar tsohon, ya zauna da kwalba da adda a kan cinya. Kafin azahar ta washegari labari ya yi ƙafa ya yi fiffike. An ce akuyar da ta mutu a layin baya bara ma shi ne. An ce yaron da ya yi farfaɗiya ya ci gwaibarsa. Wata ta rantse ta taɓa ganin furen ya canza launi a gaban idonta lokacin da tsohon ya yi masa magana da yarensu. An bar jaki ana dukan taiki, jakin kuwa yana ta kai da kawo ta ɓarakar shinge da kwanon kunu.

Cikin Sekuru ya kumbura ya yi tauri, numfashinsa na fita guntu-guntu. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno tana ba shi kunun da cokali, yana karɓa don kada ta ji haushi. Ta yi ta juya maganar a baki tun safe, ta rasa ta inda za ta kamo ta. Shi ya riga ta.

"Maman Garikai, kin tsinke na naki?"

Cokalin ya faɗi a kan bargo.

Ya ce kada ta firgita, ya daɗe da sani. Shekarar da nata ya fara fure, iska ta taso daga gabas, ya ji ƙamshin itacensa yana zuwa masa daga gidan maƙwabta. Ya yi murna ranar har ya kasa cin abinci. Ta ce ta sace ne, ta same shi a kan shinge. Ya yi ƙoƙarin dariya, dariyar ta koma tari, sai da ta tallafe shi.

"Reshe yana yanka kansa ne ya hau shinge? Wata uku ina ganinki kina shara wuri ɗaya kina kallonsa. Na yanke miki mai ido huɗu, na yi masa yankan gefe, na ajiye inda tsintsiyarki za ta kai. Na ɓuya a bayan labule ina kallonki kina waige-waige kamar kaza ta ga shaho."

Ta rufe fuska da zani. Ya bar ta ta yi kukanta, sannan ya ci gaba, yana hutawa tsakanin kalmomi. Ya ce da ya hau tsani gyaran mangwaro ya hango nata ya yi 'ya'ya, hankalinsa ya tashi. Ya so ya ƙwanƙwasa mata ƙofa ya ce ga yadda ake yi. Amma in ya faɗa, ta san ya sani, satar ta zama kyauta, itacen ya bushe, ita kuma ta kasa haɗa ido da shi. Shi ya sa ya jira ranar da Garikai ke tsakar gida, ya tsaya a shinge ya ɗaga murya yadda za ta ji daga kicin.

"Da ke nake, ba da shi ba. Ba ki ji ba ne?"

Ta ji. Ta tuna ranar sarai. Ta ɗauka faɗan maza ne a kan kare, ta miƙa hannu ta rufe taga.

Ya dubi rufin kwano. Ya ce to, tsufa ba wayo ba ne, ya tsaya tsoron kada reshe ya bushe ga abin da ya jawo. Ta ce za ta fita yanzu ta faɗa wa duniya. Ya riƙe bakin zaninta da hannun da ke motsi, ya ce a'a, yaron nan zai kashe ta, shi kuma nasa ya riga ya ƙare, ba riba a gawa biyu. Abu ɗaya kawai ke damunsa. Shekara hamsin bai taɓa ɗaga wa yaron kowa hannu ba, gwaiba ma da gangan yake barin reshen ƙasa don su kai. Yanzu za su girma suna cewa guba yake ba su.

"Wannan ne ke min ciwo, ba haƙarƙarin ba," in ji shi.

Ta ce ya yafe mata. Ya ce ta je ta tsinke 'ya'yan kafin kajinta su bi sahu. Ta tafi, kuma Allah ya sani ta ji sanyi a ranta da ya hana ta magana, ta kama hanin nan ta ƙanƙame.

Rana ta uku da hantsi ta shigo da kunu ta tarar ya juya fuskarsa ga bango, hannunsa a ƙarƙashin kumatu. Jikin da sauran ɗumi. Ta rufe masa ido, ta ɗaure masa haɓa, ta ɗauko hularsa da ta wanke ta sa masa. Sannan ta bi ta baya ta tafi ɗan masallacin su Sekuru na bayan kasuwa ta gaya wa limaminsu, Shehe Twaibu.

Su uku suka zo, duk tsofaffi, ba mai iya ɗaukar bokiti a cikinsu. Garikai ya bi su da ido daga benci. Shehe ya yaye bargon ya ga jikin, ya mayar ya rufe, ya ce wannan ba za a ba da takardar binnewa ba sai hukuma ta gani, ya aiki ɗaya daga cikinsu ofishin 'yan sanda. Ya tambayi ruwa. Famfon layin ya yi mako ba ya kawowa, sai an je rijiyar burtsatse ta gangare.

A Sakubva in an yi mutuwa ba a gayyata. A ɗaura jan ƙyalle a ƙofa, mata su shigo da kwanon garin masara su zauna a ƙasa, maza su kawo itace su zauna a waje, ko da mamacin ya zage ka jiya. Maman Garikai ta yage gefen jar rigarta ta coci ta ɗaura a ƙofar. Aka yi awa ɗaya, aka yi biyu. Labule na motsi a kowane gida, ba ƙofar da ta buɗe. Ta leƙa ta kira Maman Ruvimbo ta shinge ta ce ko jarka ɗaya ta ruwa ta taimaka. Matar ta ce Allah ya ji ƙan musulmi, amma ita ba ta zaman makokin mai ba yara guba, kuma ba ta shirya haɗuwa da addar ɗan wasu ba.

Maman Garikai ta koma ɗaki ta dubi tsofaffin nan biyu zaune a gaban gawa da busasshiyar buta. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kwana uku ke nan tana fakewa da wannan. Tsoro bai bar ta ba. Amma ta fita, ba ta ɓarakar shinge ba, ta ƙofar gaba. Ta wuce ta gaban bencin ɗanta ta shiga gidanta, ta zagaya lungu, ta kama itacen da hannu biyu ta karyo babban reshe. Ba ta tsinke 'ya'yan ba jiya, ta kasa ko kallonsu. Ta fito da shi tsakiyar titi ta ajiye a gaban takalmansa.

"Ku fito ku ji," ta ce, muryarta na kaiwa ƙarshen layi. "Wannan daga bayan ɗakina yake. Ni na sato reshen daga gidan Sekuru shekara uku da suka wuce, ni na dasa, ni na bar 'ya'yan suka zube. Da idona na ga karnukan suna ci. Sekuru bai ba kowa komai ba."

Garikai ya dubi reshen. Ya tashi a hankali ya shiga gida, aka ji takunsa ya zagaya baya, aka ji shiru. Mutane sun fara fitowa bakin ƙofofinsu. Da ya dawo fuskarsa ta yi toka-toka, ya zama kamar yaron da ta sani kafin rami, har ta miƙa masa hannu.

"Kin sani tun safiyar ran nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na tambaye ki. Kika tsaya kina kallona ina kashe shi."

Gaskiya ya faɗa. Ya dunƙule hannu ya sauke mata a baki, ta ji haƙora biyu sun tafi. Ta faɗi zaune, ya ƙara mata a kunne, ya sa takalmi a cinyarta. Ya ɗaga addar sama. Maman Ruvimbo ce ta fara jifa, da tumatir don shi ne a hannunta, sannan da dutsen awo, wasu mata suka taso da taɓarya da tsintsiya suna kiran sunansa. Ya tsaya da addar a sama yana kallon uwarsa tana tofar da jini a ƙura. Sai ya sauke hannu, ya juya, ya bi hanyar tasha da sassarfa, ba wanda ya tare shi.

Ba a yi wata doguwar magana ba. Maman Ruvimbo ta ɗaga ta, tana faɗa tana kuka, tana cewa ke da kika san satar reshe ai da kin zo ni na koya miki satar magana, da kin raɗa min na yayata kafin ya kai ƙofa. Ta kai ta ɗakin tsohon ta zaunar da ita jikin bango. Ba da jimawa ba jarkoki suka fara jeruwa a tsakar gida a kan sararrun shukokin. Wani ya kawo itace a baro. Mata suka shigo da kwanonin gari suka cika ɗakin, suka zauna a ƙasa, kowa na kauce wa idon kowa. Wata ta ɗauko waƙar coci, ta tuna mamacin musulmi ne, ta dubi Shehe. Ya ce su yi abin da suka saba, maƙwabcinsu ne.

La'asar ta kusa ɗan sandan ya iso a kan keke, da littafi a aljihu. Ya yaye bargon ya daɗe yana kallo, ya rubuta abin da zai rubuta, sannan ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya tambaya wa ya yi wannan aikin. Waƙa ta tsaya. Mata suka sunkuyar da kai, mazan da ke bakin ƙofa suka shiga gyaran wuta. Kowa ya san hanyar Penhalonga ba ta da nisa, kuma mai tafiya yana dawowa.

Maman Garikai ta cire jiƙaƙƙen tsumman da aka danna mata a baki ta yi magana. Leɓenta ya kumbura ya rufe kalmomin. Ɗan sandan ya matso ya durƙusa a gabanta, ya ce Mama ban ji ba, sake faɗa.

Ta sake faɗa a hankali, gaɓa-gaɓa, sunan ɗanta da na ubansa, yadda ta faɗa wa malami ranar da ta fara kai shi makaranta. Ta jira har ya gama rubutawa, sannan ta mayar da tsumman bakinta.